Wanda Ya Karɓa wa Bature Aure

Shekara biyu da rasuwar matata Taibatu, wani mutum daga Bakura ya aiko yana tambaya ko 'yar halak ce. Bai faɗa da wannan lafazin ba, ai shi Alhaji ne. Cewa ya yi suna so su ɗan ƙara bincike ta ɓangaren uwar yarinya, kamar yadda aka saba kafin aure.

Yarinyar ita ce Rumaisa, 'yata, ita kaɗai Allah ya bar mana. Tana aikin jinya a nan Talata Mafara. Yaron da ke son ta Mukhtar ne, ya karanci aikin gona, kuma ban same shi da wani aibi ba in ban da yawan murmushi. Mahaifinsa ya rasu, saboda haka maganar aurensa tana hannun baffansa, Alhaji Barau Nagode, mai shinkafa da albasa, wanda gonakinsa na rani a Bakolori sai da babur ake zagaya su. Mukhtar ɗin ne ma yake kula masa da su. An yi gaisuwa, an sa rana bayan ƙaramar salla, sannan saƙon nan ya zo daga wurin Barau. Kafin ya iso gare ni ya riga ya biya ta kasuwa. Mahaucin da nake sayen nama wurinsa ya yi mini jaje, bai ce na mene ne ba.

Uban Taibatu Bature ne, wannan ba sirri ba ne, fatarta da gashinta sun gaya wa duk wanda ya taɓa ganin ta. Yana cikin ma'aikatan da suka zo gina madatsar Bakolori, aikinsa awon ƙasa, mutane suna ce masa Mai Awo. Uwarta Hanifa 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Maradun wanda ruwan dam ya cinye. Baturen ya tafi tun Taibatu tana ƙarama, shekarar da aka harbi manoma a kan gonakinsu, bai ƙara waiwayowa ba. Hanifa ba ta daɗe ba ta rasu. Kakar Taibatu ce ta kawo ta Mafara ta rene ta, tsohuwar da in an ambaci Bature sai ta tashi ta shige ɗaki. Da na zo auren Taibatu ban tambayi kowa komai ba. Na gan ta, na so ta, aka ba ni. Na zauna da ita fiye da shekara ashirin, ban ga abin da zai sa in nemi shaida ba, har gobe kuma ban ga laifina ba.

Tarihi na koyar har na yi ritaya. Na jera wa yaran garin nan sarakunan Ingila da na Songhai, rabinsu suna barci. Saboda haka da fushi ya kama ni sai ya fito da siffar malamin makaranta. Asali suke so? Zan ba su asali har ya gundure su.

Sunan ubanta na gaskiya Taibatu ta riƙe shi tun tana yarinya, ba ta taɓa mantawa ba: Fergal Mulqueen, mutumin ƙasar Ailan. Rumaisa ta nuna mini yadda ake nema a waya, ranta bai so ba. Muka yi ta aika saƙo wurare har muka dace da wata mata a can mai suna Nuala, 'yar ƙanwar Fergal, wadda ta bar aiki ta mai da tonon kakanni sana'arta. Ta yi murna ƙwarai da jin mu. Na lura Turawa suna son sabon dangi matuƙar yana nesa.

Ga abin da ta ba ni. Kakan kakan Fergal, wani Thady Mulqueen, manomi ne da ke haya a ƙasar wani attajiri a yammacin Ailan. Shekarun da dankali ya ruɓe a cikin ƙasa yunwa ta yi ta kashe su, ya kasa biyan haya, aka zo aka rushe masa rufin ɗaki don kada ya yi tunanin dawowa. Ya kwashi matarsa da 'ya'ya huɗu suka nufi Liverpool a Ingila, biyu suka isa da rai. Ɗansa Malachy ya yi dako a bakin jiragen ruwa har bayansa ya ƙi miƙewa. Ɗan Malachy, Cornelius, haƙa ya yi wa layin dogo. Shi ya haifi Denis, wanda ya koma Ailan ya buɗe ɗan kanti. Denis kuma ya haifi Fergal, na farko a gidan da aka kai makaranta mai nisa, ya koyi awo.

Na daɗe ina duban jerin nan. An kore su daga gona, an rushe musu gida, sun yi shekara ɗari suna cin wuya kafin su samar da yaro guda mai ilimi. Shi kuwa ya ɗauko ilimin ya taho ƙasar Maradun, ya kafa sanda mai ja da fari a tsakar gidan mutane, ya ce musu ruwa zai kawo nan. Da ɗalibi ne ya rubuta mini wannan a jarrabawa da na ce ya cika ƙari.

A ƙarƙashin sunan Fergal, Nuala ta sa cewa ya rasu, bai yi aure ba, bai bar baya ba. Na gaya mata ya bari. Ta ce abin ya burge ta, za ta aiko da wata 'yar kwalba Rumaisa ta tofa miyau a ciki a gwada, in ya tabbata sai ta gyara. Barau yana son shaida, Baturiya tana son miyau, matata kuwa tana kwance a maƙabarta ba ta san ana shari'arta a nahiya biyu ba. Na ce wa Nuala ta riƙe kwalbarta.

Na tafi Bakura da sunayen nan a kaina. Na sami Barau a ƙofar gidansa, ana sauke buhunan albasa, yana zaune a kan darduma da carbi a hannu. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi haƙuri, har ya yi wa Taibatu addu'a. Sannan na jero masa Mulqueen biyar, tun daga Thady har Fergal, da garuruwansu da sana'arsu. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Wallahi ka yi karatu. Amma ni ba kakannin Nasara nit tambaya ba. Ko jikan sarkin Ingila na, abu guda nika son sani. An ɗaura, ko ba a ɗaura ba?"

Na ce, "Wa ya ce maka ba a ɗaura ba?"

"Babu wanda yac ce. Babu kuma wanda yac ce an ɗaura. Mu gidanmu ba mu ɗaukar abin da ba mu san tushenai ba. Ka samo muna mutum guda da yag gani da idonai, shi ke nan, biki na nan yadda anka sa."

Ya sa aka zuba mini albasa a buhu in kai gida. Na bar ta a inda aka ajiye.

Gaskiyarsa ɗaya, kuma ita ta fi ba ni haushi: na san sunan wanda aka rushe wa ɗaki a Ailan kusan shekara ɗari biyu da suka wuce, amma ban san wanda ya halarci auren surukata a nan kusa da mu ba. Limamin ƙauyensu ya mutu, ƙauyen yana ƙarƙashin ruwa, mutanensa sun watse. Rumaisa ce ta tuna da Kawu Manu, ƙanen Hanifa, wanda ya zo mana gaisuwar rasuwa ya tafi bai ko kwana ba. Bayan an gina dam an tsugunar da su wajen Gidan Goga, ya yi kiwo a can har 'yan bindiga suka kore masa shanu suka ƙona rugar. Aka ce yanzu yana Maradun.

Hanyar Maradun a zamanin nan sai ka yi sallama da iyali kake hawanta. Direban ya yi ta tambayar masu tahowa ko gaba lafiya. Na sami Kawu Manu a wani kango da ba a gama gini ba, an tare ƙofar da buhu, shi da matarsa da jikoki. Ya tsufa, ya rame, amma kunnensa da bakinsa ƙalau. Bayan mun gaisa na gaya masa abin da ya kawo ni, ban ambaci sunan dangin yaron ba.

Ya ce, "Aure? An ɗaura mana! Wane ɗan banza yac ce ba a ɗaura ba? Ranar Juma'a ta, bayan an sauko, gaban masallacinmu. Sai da yam musulunta, liman yas sa mai Ishaq. Da anka zo wurin karɓa liman yac ce ina uban ango? Bature yad ɗaga hannu awa ɗan makaranta, wai shi zai karɓa da kainai. Anka yi ta dariya. Liman yac ce nan ba a haka, namiji ko ya yi hurhura sai wani ya tsaya mai uba. Shi ko ba shi da kowa ƙasar ga."

"To wa ya tsaya masa, Kawu?"

"Mai kawo ma kamfani shinkafa da leburori. Alhaji Nagode na Bakura. Shi yad durƙusa gaban babanmu yac ce yana nema ma ɗanai Ishaq auren Hanifa. Tun daga ran nan ba a ce ma Bature komi sai ɗan gidan Nagode."

Na ce, "Nagode yana da ɗa, Barau. Ya zo wurin?"

"Barau? Shi yat tuƙo motar. Shi yar raba goro. Kai, rigar da Bature yas sa ma tashi ta, ta yi mai gajarta, ƙwabrinai waje."

Ya yi dariya har da tari. Sannan dariyar ta tsaya.

"Ƙauyenmu ruwa ya ci, wannan hukuma ta, ba mu da ta cewa. Amma muna da fadama ƙasa da dam, wajen Bakura, gadon kakanmu. Anka karɓe ta anka ce za a gyara ƙasa a ja ruwa a maido ma kowa tashi. Da anka zo rabo tamu ba ta hito ba. Ta hito da sunan Nagode. Wa ar riƙe da sandar awo? Ɗan gidansu. Ya biya ubanai ladan tsayawa, da gonar surukanai. Shi yas sa Innarmu tac ce Hanifa ɓarawo ta aura, tah hana a ƙara kiran sunanai gabanta."

A nan na gane abin da ke damun Barau. Ba shakka yake yi ba. Yana wurin, goron yana hannunsa. Tsoronsa jikar Hanifa ta shiga gidansu ta haihu, wata rana wani ya zauna ya fara tambayar yadda fadamar nan ta zo hannunsu. Ya duba ya ga ya fi masa sauƙi ya mai da matacciya shegiya, tunda ba za ta tashi ta amsa ba. Ya kuma aike ni neman shaida yana da tabbacin ruwa da ƙasa da 'yan bindiga sun gama cinye shaidun.

Washegari na ɗauki Kawu Manu muka wuce Bakura. Ƙofar gidan Barau cike da mutane, dillalai da masu neman taimako. Na yi sallama, na ce na kawo mutum guda da ya gani da idonsa. Barau ya dubi tsohon, tsohon ya dube shi.

Kawu Manu ya ce, "Barau, ka yi ƙiba. Har yanzu kana tuƙi?"

Carbin ya tsaya a hannun Barau. Ya sallami mutane, ya ce mu shiga zaure. A can ya sake sabuwar gaisuwa, ya sa aka kawo fura, ya tambayi Kawu labarin Gidan Goga, ya yi Allah wadai da 'yan bindiga. Na bar shi ya gama.

Ya ce, "Malam, shekaru sun yi yawa, mutum ya kan manta. Yanzu da nig ga Manu abin ya dawo min. Lallai an ɗaura. A bar tone-tone, yara na son juna. Biki na nan."

Na ce, "Ka manta ka raba goro, amma ba ka manta hanyar gonar ba."

"Gona takardunta na nan, da hatimin hukuma. Wanda ka so ya je kotu."

"Ban zo don gona ba, ba tawa ce ba. Na zo don matata. A kasuwa ka ɓata ta, ba a zaure za ka gyara ba."

"To mi kaka so?"

Na gaya masa. Uba yana da ikon wakilta wanda ya ga dama ya ba da 'yarsa. Ni Kawu Manu na wakilta. Ranar ɗaurin aure Barau, a matsayinsa na uban ango, gaban Manu zai durƙusa ya nemi auren. In an shafa fatiha kuma sanƙira zai faɗi sunan amarya da na uwarta da na kakanta, da gidan da ya karɓa wa kakan aure.

Ya ce, "In na ƙiya fa?"

"Sai in kai Kawu kasuwar Mafara ranar Talata, in saya masa shayi, in bar shi ya yi ta hira. Ka ga dai yana da baki."

Barau bai ce ya yarda ba. Ya ce Allah ya kai mu lokacin, wanda a bakin irinsa shi ne yarda.

A mota na tambayi Kawu ko yana so a nemi lauya a kan fadamar. Ya ce da wace takarda, da wane ƙarfi, shi yanzu abin da yake nema ƙofa ce ta katako.

Rumaisa ba ta yi murna yadda na zata ba. Ta saurare ni tana tsaye da kayan aikinta, ko jaka ba ta ajiye ba.

Ta ce, "Baba, tunda ya amsa an ɗaura, ka bar shi haka mana. Mutane za su gani da kansu in an yi bikin."

"Mutane za su ce rufa mana asiri ya yi. Har 'ya'yanki za a gaya wa."

"Za ka tozarta shi gaban garinsu."

"Gaban garinmu. A nan za a ɗaura. Uwarki ce fa, Rumaisa."

"Na san uwata ce. Amma ni za a kai gidan, ba kai ba."

Na ce mata na gama magana. Ta shiga ɗaki. Har ranar bikin, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

An ɗaura a ƙofar masallacin unguwarmu, da hantsi. Mutanen Bakura sun zo da motoci, manyan riguna, turare kamar an fasa kanti. Liman ya tambayi waliyyin amarya, na ce na wakilta Malam Manu, ƙanen kakarta. Ya dube ni, ya dubi tsohon da ke zaune da busassun ƙafafu, ya ce ya halatta. Ya tambayi wakilin ango. Barau ya taso da nauyinsa, ya tattara riga, ya durƙusa. Ya faɗi abin da ake faɗa, amma can ƙasan maƙoshi.

Kawu Manu ya kara hannu a kunne ya ce, "Ban jiya ba."

Kunnensa lafiya lau, ni shaida ne. Barau ya ɗaga murya ya ce yana nema wa ɗansa Mukhtar auren 'yarsu Rumaisa. Kawu ya yi ta duban sa, har liman ya gyara zama. Sannan ya ce ya ba shi.

Aka shafa fatiha. Sanƙira ya miƙe, na riga na biya masa karatunsa har ya hardace. Ya ce an ɗaura auren Mukhtar da Rumaisa, 'yar Malam Mas'udu da marigayiya Taibatu, Taibatu 'yar Hanifa da Ishaq Mai Awo, wanda marigayi Alhaji Nagode na Bakura ya tsaya wa uba ya karɓa masa aure, Alhaji Barau yana wurin. Tsofaffin da ke sahun gaba suka dubi juna. Wani daga baya ya ce, "Ashe!" Mahaucina yana tsaye a gefe, ya kawar da kai. Barau ya shiga mota bai tsaya cin abinci ba.

Da yamma mata suka kawo mini Rumaisa a lulluɓe don in yi mata faɗa kafin a tafi da ita. Ta durƙusa a gabana. Na shirya magana mai tsawo, amma ta riga ni, a hankali yadda matan ba za su ji ba.

"Baba, ka wanke Umma, Allah ya saka maka. Baffa ya aiko ɗazu. Ya ce ba a babban gida za a ajiye ni ba, kuma daga yau Mukhtar ya cire hannunsa daga gonakin. Gidan wani abokinsa za a kai ni kafin mu ga yadda za mu yi."

Na ce mata Allah ya ba su zaman lafiya. Ta jira ko zan ƙara wani abu. Ban ƙara ba, domin abin da ke bakina shi ne da za a sake, sai na gaya wa Kawu ya sa Barau ya faɗa sau uku.